Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Akwatin Talabijin

Zuwa ga Mai Girma Akwatin Talabijin, mazaunin kusurwar falo.

Akwatin talabijin ya shigo gidaje ne don labarai da wasan kwaikwayo, amma aikin da ya fi yi a yau shi ne renon yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ba wanda ya ɗauke shi aikin a rubuce. Uwa ta ɗora tukunya, yaro ya riƙe mata zane, aka danna rimot, shi ke nan. Tun da reno ya faɗo hannunsa, iyaye na da ikon duba aikinsa, kuma abin da takardar nan ta ƙunsa ke nan.

Za a fara da yabo, kada a ce da gaba aka zo. A 1969 aka soma nuna Sesame Street a Amurka. Masu shirya shi sun lura yara na haddace waƙoƙin talla ba tare da an sa su ba, sai suka bi hanyar don cusa haruffa da lambobi. Kafin a saki shiri, sukan gwada shi a kan yara, a ajiye wasu hotuna masu canzawa a gefe, a duba inda idon yaro ya kauce, a gyara wurin. A 2011 NTA ta fara nuna reshensa na Nijeriya, Sesame Square, mai ɗauke da Zobi, direban tasin da ba ya da magana sai ta doya. Haka kuma Akili and Me na kamfanin Ubongo na Tanzaniya, wanda aka mayar da shi Hausa. A kan waɗannan, Mai Girma ya ci albashinsa.

Teletubbies na BBC, wanda ya fito a 1997, ba zai ɗauki lokaci ba: halittu huɗu ne masu gwarancin jarirai, kowanne da talabijin a tumbinsa. Son kai ne a fili, an dai yafe.

Babbar ƙara tana kan Peppa Pig, 'yar Ingila da ta bayyana a 2004. Batun kasancewarta aladiya an bar wa malamai. Abin da ya shafi iyaye shi ne tarbiyya. A gidan su Peppa, tumbin uba abin dariya ne, 'ya ta faɗa, ƙane ya ƙyalƙyale, uban ma ya taya su. A gidan da ɗa ba ya ambaton sunan mahaifinsa, wannan darasi na iya jawo wa mai koyonsa abin da ba a nuna a shirin. Sannan ga sana'ar gidan, wato tsalle cikin taɓo. A can da takalmin roba ake yi, cikin ruwan sama mai tsabta. Yaron da ya kwaikwaya a lungu lokacin damina, kwata ce za ta karɓe shi. Mai Girma ba zai ce bai san ƙasa da ƙasa sun bambanta ba, domin tashar ABC ta Ostireliya ta janye wani kashi na Peppa mai nuna gizo-gizo ba abin tsoro ba ne, saboda gizo-gizon can na da dafi. Ana neman irin wannan kulawa. Harshe ma ya shiga ƙarar: iyaye a Amurka sun yi ta ba da labarin 'ya'yansu sun koma karin maganar Ingila, to ina ga yaron da ya iya kiran uba da muryar Landan, amma kakarsa ta ce “ina kwana” ya tsaya kallonta?

Iyaye maza na da koke na daban a kan Bluey, shirin karnukan Ostireliya na 2018. Shirin ba shi da aibu, kuma matsalar ke nan. Uban gidan, Bandit, ba ya gajiya da wasa da 'ya'yansa. Sakamakon haka magidanci kan dawo daga kasuwa bayan isha'i, ya tarar an riga an naɗa shi doki.

Sauran laifin a raba shi da ƙanwar Mai Girma, wayar hannu. Da, shiri yana da ƙarshe. Tales by Moonlight sau ɗaya yake zuwa a mako, in ya ƙare a tashi. CoComelon da danginsa na YouTube ba su san sallama ba, wata waƙa na ƙarewa wata ta hau. Baby Shark ta kamfanin Pinkfong na Koriya ta Kudu, wadda aka saki a 2016, ita ce bidiyon farko da ya haura kallo biliyan 10 a YouTube, a Janairun 2022, kuma ba biliyan 10 ne yaran duniya ba. Maimaitawa na taimakon ƙaramin yaro wajen koyo, amma babba da ke ɗaki guda da shi ba a tanadar masa magani ba. Renon kuma ba kyauta ba ne: a 2019 kamfanin kayan wasa Hasbro ya sayi Entertainment One, mai Peppa a lokacin, kan kusan dala biliyan 4, kuma jakar makaranta da gorar ruwa masu hoton aladiya ne ke biyan kuɗin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2019: kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara biyu gaban allo, ɗan biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. A gidaje da yawa ɗauke wuta ne ya daɗe yana zartar da wannan ƙa'ida, sai sola ta zo ta karya ta. Don haka ake roƙon Mai Girma, in awa ta cika, ya kashe kansa da kansa, ya kuma ɗauki alhakin kukan da zai biyo baya.