Yadda Ake Haƙo Kuɗi da Babban Yatsa a Tamale

Gyara zama, ɗan'uwa, ka fito da wayarka. Sana'ar sunanta mainin, wato haƙo. Masu galamsey, wato haƙar zinari ta bayan fage, a kudu sai da diga da shebur da kogi. Kai kayan aikinka uku ne: caji, data, da babban yatsa.

Fara da sanin asali. Ranar 3 ga Janairun 2009 wani mai kiran kansa Satoshi Nakamoto ya ƙaddamar da Bitcoin. Tun kafin nan ya sanar da shirinsa, dokar kuma a fili take: adadin ba zai wuce miliyan 21 ba, duk mai so ya haƙa da kwamfutarsa. Bai ware wa kansa kaso ba. Wannan shi ake kira rabon adalci. An buɗe wa kowa ƙofa lokaci guda, sai dai 'yan tsiraru ne suka san da ƙofar, har masu bincike suka ƙiyasta shi kaɗai ya haƙi kusan miliyan ɗaya. Yau manyan injina ne ke wannan aiki, kuma mitar wutar NEDCo ta gidanku ba za ta iya ciyar da su ba.

Saboda haka aka kawo maka wani kuɗin intanet mai suna Pi ranar 14 ga Maris ɗin 2019, daga hannun Nicolas Kokkalis da Chengdiao Fan, waɗanda suka yi karatu a jami'ar Stanford ta Amurka.

Mataki na farko, ka danna maɓalli a manhajar Pi sau ɗaya kowace awa 24. Wayarka ba ta yin wani lissafi, ba ta tono komai. Dannawar shaida ce cewa kana nan. In talla ta fito, ka kalle ta.

Na biyu ya fi nauyi, don haka ka natsu. Haƙonka yana ƙara sauri in ka gayyato mutane, yana kuma ƙara sauri in ka sa waɗanda ka amince da su, har biyar, cikin da'irar tsaronka. Ma'adinin ke nan: amana. Ba a ƙarƙashin ƙasa take ba, tana Zongo, tana kasuwar Aboabo, tana wurin ƙanenka da abokin cinikinka da wanda kuke sahu ɗaya a masallaci. Sun shiga ne don sun san fuskarka, ba don sun karanta takardar kamfani ba. Duk randa suka zo da tambaya, ƙofar gidanku za su ƙwanƙwasa, domin Stanford ta yi musu nisa.

Na uku, ka san kasonka. Jimillar Pi biliyan 100 ce. Kashi 65 na mahaƙa ne, kashi 20 na waɗanda suka ƙirƙiro ta, sauran na gidauniya da tafiyar da kasuwa. An yanka rabon ba tare da an tambaye ka ba. Ladan haƙo kuma ya fara daga Pi 3.14 a awa, aka riƙa raba shi biyu yayin da jama'a ke ƙaruwa. Wanda ya riga ka ya fi ka, wanda ka kawo kai ka fi shi.

Na huɗu, ka miƙa katin shaidarka da hoton fuskarka, ka jira tantancewa. In kana son ƙarin sauri, ka kulle abin da ka tara har tsawon shekara uku.

Saura farashi. An buɗe kasuwar Pi ranar 20 ga Fabrairun 2025. Ta kusa taɓa dala 3 a makon farko, kafin Afrilu ta sauko ƙasa da dala ɗaya. Za ka ji wasu mahaƙa na cewa ainihin darajarta dala 314,159 ce. Kamfanin bai sa wannan farashi ba. Ɗauki biro, ka ninka shi sau biliyan 100. Za ka samu dala tiriliyan 31,000 da ɗoriya. Duk abin da duniya ke samarwa a shekara bai fi tiriliyan 100 da 'yan kai ba. Ke nan ana bukatar mutanen duniya su yi aikin kusan shekara 300, ba ci ba sha, su tara kuɗin wuri ɗaya, sannan su zo saye. Daga nan sai ka ba su lambar MoMo ɗinka, ka tabbata sunan da ke kanta ya yi daidai da na katinka.