Ranar da Na Kai Iyalina Bahar Rum ta Hanyar Achida

Wayar 'yata Ummi ce ta ja mini. Ana saura kwana uku a ba su hutun Disamban 2023 ta zo ta durƙusa a gabana, irin durƙuson da na san ba na gaisuwa ba ne, ta miƙo mini waya. Wani jirgin ruwa na gani, ya fi sakatariyar jiha girma, yana yawo a tekun Bahar Rum. Yau Basalona, gobe Marsai, jibi Napoli. Da safe a sauke fasinjoji su zaga gari, kafin magariba kowa ya dawo, wanda ya makara ya tarar jirgi ya yi gaba.

"Baba, haka mutane suke hutu," in ji ta.

Na ce mata ai mu ma mutane ne. Shekara ashirin da biyu ina koyar da lissafi a Sakkwato, ba za a ce hutun yara biyu ya gagare ni ba. A daren na ɗauki biro da takarda. Jirgi dai akwai, tsohuwar Golf ɗina. Teku akwai, madatsar ruwa ta Goronyo. Garuruwan sauka uku: Rabah, Wurno, Goronyo. Ko dokar dawowa da wuri muna da ita, har ta fi tasu tsanani, domin a shekarun nan mai hankali ba ya bari rana ta faɗi masa a hanyoyin gabashin Sakkwato.

Fetur ne kawai ya ci kuɗi a takardar, tunda an cire tallafi a watan Mayu lita ta haura naira 600. Abinci na rubuta sifili, saboda ina da Gwaggo a Rabah. Kallon tarihi, sifili. Jimla naira 25,000. Uwargida ta duba sama ta duba ƙasa, ta ce, "Malam, ban ga layin zumunci ba." Na ce mata zumunta a ƙafa take, ba a aljihu ba. Ta ninke takardar ta sa a jakarta, ta nemi aron birona.

Tun daga hanya na fara lacca. A Rabah aka haifi Sardauna Ahmadu Bello a 1910, a nan kuma ya zama hakimi a 1934 yana saurayi, kafin ya zama Firimiyan Arewa. Na waiwaya in ga yadda maganar ta ratsa su, sai na tarar ɗana Abba ya zura hannu ta taga yana farautar sabis.

Gwaggo ta shekara shida ba ta sa ni a ido ba. Ta rangaɗa guɗa, aka kama zabuwa, aka dama fura. Kafin in wanke hannu labari ya kai ƙarshen unguwa. Aka fara shigo mini da yara ɗaya bayan ɗaya kamar ranar rigakafi. "Wanga ɗan ƙanenka ne." "Wagga jikar Baffa ce, ba ka gane ta ba?" Can aka turo wani mai kai kamar tulu, Gwaggo ta ce, "Ga takwaranka." To, takwara kuwa ba a ba shi ɗari biyu a gaban jama'a. Abincin da na rubuta wa sifili ya tashi a naira 11,000. Ina jin ƙarar birona a bayan mota har muka bar garin.

A Wurno ne kaɗai na ci riba, kuma ba ta kuɗi ba. Mun ziyarci hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a garin a 1837. Ban san abin da ya shiga yaran ba, su da kansu suka mayar da wayoyi aljihu. Ummi ta tambaye ni a hankali me ya sa sarki guda zai bar Sakkwato ya tare a nan. Na ce ribaɗi ya gina, wato garin tsaron iyaka, ya zauna a bakin daga da kansa saboda hare-haren Gobirawa, maimakon ya aika wasu shi ya kwanta a birni. Abba ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe tun da can gabas ba ta barci." Na rasa amsar da zan ba shi, ni da na zo da lacca shafi uku.

Muna fitowa wani ya kira ni Alhaji. Ni iyakata filin jirgi, rakiyar maniyyata. Amma sunan ya yi mini daɗi, na amsa, kuma duk wanda ya amsa Alhaji a bakin hubbare ya san abin da ke biyo baya. Naira 4,000.

Goronyo ba ta ba ni kunya ba. An tare kogin Rima ne, aka gama aikin a 1984, kuma tafkin yana iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Na tuna musu cewa ruwan famfon Sakkwato ya dogara da shi, kuma mutanen kwarin nan ba su manta ambaliyar 2010 ba. Ummi ta ce ba ta hango ɗaya gaɓar. Na gyara hula.

Da na tsaya nan da na dawo gida da mutuncina. Sai na ce ai hutun teku ba ya cika sai an shiga jirgi. Muka sami wani masunci a bakin ruwa, ya ce dubu biyar. Na taya dubu biyu, na kafe, har na yi kamar zan tafi. Ya dube ni ya ce, "Malam, na dubu biyu ga shi can." Ya nuna wani kwale-kwale da na tabbata ya girmi madatsar. Muna shiga ya miƙa wa kowa ƙwarya. Na ɗauka ta shan ruwa ce, ashe ta kwalfe ruwa ce.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa 'ya'yana ba: ban iya iyo ba, ko a kududdufi. Uwargida, da ta sani, ta yi zamanta a gaɓa da jakarta. Da muka yi nisa iskar hunturu ta taso, jirgi ya karkata, ruwa ya taɓa mini gwiwa. Babu addu'ar da ban karanto ba, har da ta shiga kasuwa. Na kai hannu in kama wani abu mai ƙarfi, na cafko damtsen Abba, wanda ke tsaka da ɗaukar bidiyo.

Tsulum.

Wayar da uwarsa ta yi adashin wata takwas ta saya. Masuncin ya ce zai yi nutso, dubu uku, a samu ko a rasa. Ya nutsa, ya jima, ya fito da silifa wari guda. Sannan ya sayar mana da kifi.

Nan ƙwaƙwalwar lissafi ta motsa. Yankin nan gidan tafarnuwa da albasa ne, kuma farashin ya fi na birni sauƙi. Na sayi buhu guda-guda da sauran kuɗin aljihuna da rancen uwargida, da niyyar sayar wa malaman makarantarmu in mayar da hasara. Bayan Golf ya zauna kamar raƙumi ya durƙusa. Daf da Achida, la'asar sakaliya, taya ta yi bindiga. Safaya tana ƙarƙashin buhuna. Muka sauke su a bakin titi, muka ciro ta, ita ma ba iska. Mai faci ya dubi rana, ya dubi fuskata, ya faɗi kuɗinsa. Karon farko a ranar ban yi ciniki ba.

Ana kiran magariba muka shiga Sakkwato. Uwargida ta miƙo mini takardata da birona. A baya ta jera komai da kyakkyawan rubutu: naira 61,400, ban da waya, ban da bashinta.

Ashe Ummi ma tana ɗauka da tata wayar. Kafin a koma makaranta ɗalibaina duk sun ga malaminsu rungume da ƙwarya yana salati, yanzu Kyaftin suke kirana a bayan ido. Tafarnuwar kuwa malamai suka kwashe bashi, sai an yi albashi, ba su dai faɗi na wane wata ba. Motar har yau in na rage wa mutum hanya, a shataletale na farko yake cewa ya iso.

Shekaranjiya Gwaggo ta bugo waya. Ta ce tunda na buɗe hanya, hutu mai zuwa za ta turo mini takwara da ƙannensa uku, su ma su ga birni.