Alhaji, In Ba Ka Kallo, A Ina Ka San Labarin?

Tsakanin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela akwai wata ƙungiya da ba ta da rajista ko shugaba, amma ta fi kowace ƙungiya yawan jama'a. Ita ce ƙungiyar waɗanda ba sa kallon wasan kwaikwayo mai dogon zango. Ka tarar da ɗaya daga cikinsu a gindin bedi bayan la'asar, zai rantse maka shi dai in ba labarai ko kokowar takobi ba, ba abin da ke zaunar da shi gaban tele. Kana gyaɗa kai sai ya ɗora: ai waccan yarinyar da aka cire daga lakwal aka aurar, jiya ta gudu, kuma uwarta ce ta ba ta kuɗin mota, ta ƙulle su a bakin zane. Har launin zanen zai faɗa maka.

To Alhaji, Allah ya ja da ranka, wa ya kawo maka rahoto? Ka ce yara ne. Na yarda. Yaran ne kuma suka ce maka tana kuka tana waiwaye?

Ƙorafin dai na san shi, don ya sha zuwa kunnena. "Wanga abu ɓata ɗiya ne kawai. Mi ya kai su nuna yaro shina haɗiyar ƙwaya? Mi ya kai su nuna budurwa da ciki? Mu da muka tashi ba mu ga haka ba." Hajiya kuma daga cikin ɗaki ta ƙara da cewa ita tun da aka kafa kwandon parabol ɗin nan bisa soro ɗiyarta ta koyi mayar da magana. Ku ɗauke ni taubashinku yau, ku bar ni in ɗan taɓa ku, ba da gaba ba.

Mu fara da abin da ake kallon. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, a shekarar da ta biyo kuma ta soma Daɗin Kowa, wasan da ya shiga gidajenmu da Kamaye da Adama da Malam Nata'ala, ya kuma taɓo shaye-shaye, auren dole, almajirci, da yadda ake yaudarar samari su shiga ta'addanci. Bayansa Labarina na Aminu Saira ya zo, Manyan Mata na Abdul Amart ya biyo da nasa kukan matan da aka danne. Masu ɗan Turanci da datar waya sun leƙa MTV Shuga, wanda zangonsa na 2018 ya sa Rahama Sadau a matsayin malamar makaranta, Amal Umar kuma ta fito a Hadiza, yarinyar Arewa da ta tsere wa auren da aka yi mata tana ƙarama don tana son karatu. Duk wannan kayan ta ƙofar Illelar Sakkwato yake shigo mana, ko ta sama. Lokacin da aka rufe iyaka a 2023 har Najeriya ta yanke wuta, buhun masara ya sha wahalar tsallakowa, amma sabon kashi na wasa bai taɓa makara ba. Mai turin fim na bakin tasha shaida ne.

Yanzu batun ƙwaya. Alhaji, tsakaninka da Allah, a tele ka fara jin sunan tramol? Ɗan kabu-kabun da ya kai ka kasuwa da jajayen idanu, yana tsala gudu yana dariya shi kaɗai, fim ne ya rubuta masa takardar magani? Yaron da ka ɗauka aikin albasa a fadamar Galmi, ya wuni a duƙe bai ce ya gaji ba, ka yaba masa ka ce jarumi ne, ba ka tambayi abin da ya jefa cikin kofinsa da safe ba. Mai tallan magani a faranti da ke yawo tasha-tasha ya riga kwandon parabol shiga ƙauyuka da yawa. Ko a Najeriya, sai da BBC ta nuna yadda maganin tari mai kodin ke cin matasan Kano a 2018 kafin gwamnati ta hana yinsa da shigo da shi. Can kyamara ce ta tashi hukuma daga barci. Nan kuwa kyamarar muke tuhuma, mai farantin kuma muna gaisawa da shi kullum.

Batun aure ya fi wannan nauyi, kuma nan zan rage dariya kaɗan. Alƙaluman UNICEF sun ce a Nijar 'yan mata 76 cikin 100 ake aurarwa kafin su cika shekara 18, 28 cikin 100 kuma kafin 15. Babu ƙasar da ta kai mu a duniya. Dokar da ke rubuce ta yanka shekara 15 ga mace, 18 ga namiji, yawancin aurenmu kuwa ko ƙofar dokar ba ya bi. A Disamban 2017 gwamnatin Issoufou Mahamadou, ɗan Dandaji nan cikin Illelarmu ta Adar, ta fitar da dokar kare yarinya mai karatu don a bar ta a aji. Za ka ce dokar Yamai ce, ba ta san ƙauye ba. To, unguwarzomar garinku ta san ƙauye. Masu aikin ɗakin haihuwa a asibitin Galmi, wanda ke karɓar marasa lafiya tun 1950, su ma sun san shi. Ka tambaye su shekarun 'yan matan da ake kawowa a amalanke bayan doguwar naƙuda. Marubucin fim bai ƙirƙiri Hadiza ba, Alhaji, a ɗaurin aurenta ka ci goro.

Ni abin da nake zargi daban ne, kuma ina jin kun san shi. Abin da ke ƙona ku ba labarin ba ne, wurin zaman ne. Ga tsakar gida bayan isha'i, an fito da tele an ɗora bisa kujera 'yar tsugunno, an ja waya daga ɗaki. Maigida na kan kujerar roba, wai shi rediyo yake saurare. Uwargida da amarya na tabarma guda, yau an yi sulhu saboda wasa. Surukar gida ta zo kwana biyu. Yaran maƙwabta sun cika bakin zaure. Sai yarinyar cikin fim ta durƙusa gaban ubanta ta ce ita ba ta son mutumin, kuma ta faɗi abin da yake yi mata da dare. Nan take Alhaji ya tuna bai da alwala, ya sunkuci buta, alhali bai daɗe da sallame sallah ba. Hajiya ta ce wa babbar ɗiyarta ta je ta duba tukunya, tukunyar da aka wanke aka kife tun magariba. Kaka, da kunnenta ya yi nauyi, ta ɗaga murya: "Mi ta ce? Ku gaya mini mi ta ce!" Ba mai amsawa. Ita kuwa 'yar shekara goma sha huɗun nan da ke riƙe da ƙaninta a cinya, ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Kunya ce, kuma kunya ba abin raini ba ce, da ita muka ginu. Amma ku kira ta da sunanta. Kada ku ce fim ya kawo abin da babu, ku ce ya faɗi abin da ba a faɗa gaban suruka.

Sai wannan magana ta "mu da muka tashi". Haba Alhaji. Wa ya liƙa gemun auduga a tashe cikin azumi ya bi gida-gida yana kwaikwayon tsoho mai auri-saki, manya na dariya suna ba da hatsi? Tatsuniyoyin da Inna ta yi muku, kishiyar uwa ba ta tura marainiya bakin halaka a ciki? Yazi Dogo da 'yan wasansa sun shekara da shekaru suna tsokanar mai cin amana da mijin banza a Télé Sahel, kuna tafawa. Kada ma ka sa in tambayi tsofaffin garinku labarin dandali da tsarance, don in suka buɗe baki hukumar tace finafinai ta Kano ba za ta bar zancen ya fita ba.

Ga Malam can, mushen kwaleji, ya ɗaga hannu tun ɗazu. Shi ba buta yake ɗauka ba, hujja yake da ita, kuma dole in tsaya masa. Ya ce nuna abu ma koyar da shi ne, in ba a iya nunawar ba. Gaskiyarka, Malam. A 2017 Netflix ta saki 13 Reasons Why a Amurka, labarin 'yar makarantar da ta kashe kanta ta bar kaset-kaset tana lissafa waɗanda suka cuce ta. Matasa suka rungume shi, wasu suka ce karon farko ke nan da aka faɗi abin da ke cikinsu. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa suka yi ta kashedi, don an nuna yadda ta yi abin filla-filla. Wani bincike da ya fito a 2019 ya ce kisan kai tsakanin 'yan shekara 10 zuwa 17 ya ƙaru da kusan kashi 29 cikin 100 a watan da ya biyo bayan fitowar wasan. Wasu masana sun yi gardamar lissafin, amma a Yulin 2019 Netflix da kanta ta yanke wurin. Saboda haka in mai fim ya tsaya yana nuna sunan ƙwaya da yawan da ake sha, ko ya mayar da ɗan daba gwanin da 'yan mata ke so, ina bayanka, a ja masa kunne.

Sai dai ka riƙe ɗaya hannun ma. Bankin Duniya ya sa an gwada MTV Shuga kan dubban matasa a kudu maso yammacin Najeriya, aka tarar waɗanda suka kalla sun kusa ninka waɗanda ba su kalla ba wajen zuwa gwajin ƙanjamau. A Ingila, da wasan Adolescence ya fito a Maris 2025, kashi huɗu kacal kan yaro ɗan shekara 13 da ake tuhuma da kashe 'yar makarantarsu, firaminista Keir Starmer ya ce da 'ya'yansa ya kalla, aka kuma buɗe wa makarantun sakandare su nuna shi kyauta. Ban ce mu kwafe su ba. Na dai lura mutumin bai nemi buta ba.

In kuwa so kuke in taya ku faɗa da masu fim, ga inda zan kama, kuma ban taɓa jin ɗayanku ya kama nan ba. Ku bar hawayen, ku dubi kujerun. Ku dubi falon da ya fi filin gidanku faɗi, da saurayin da ba a taɓa nuna sana'arsa ba amma kullum da sabuwar mota, da akwatunan lefe da aka jera har bakin ƙofa. Yaron Tajaye ko Badagishiri da ke kallon wannan a waya mai fasasshen gilashi, yana jiran damina ta wuce, ba ƙwayar cikin fim ce ke hana shi barci ba. Motar ce. Da kaka ta yi sai ka ji ya kama hanyar Agadas, ko Libiya, ko ramin zinariya, tun bai yi gemu ba. Ita ma budurwar ta auna abin da ɗan kawunta zai iya kawowa da abin da ta gani, ta ce a dakata. Wannan ɓarnar tana wucewa ta gaban Hajiya lafiya lau, har takan ce a tsayar mata ta ga ɗinkin.

Masu cewa a hana gaba ɗaya kuma, an ɗan gwada muku. A Mayun 2025 hukumar tace finafinai ta Kano ta dakatar da wasanni 22, ciki har da Daɗin Kowa da Labarina da Manyan Mata, bisa cewa ba a kai mata su ta duba kafin a saki ba. Na zaci za a yi walima a gindin bedi. Shiru. Wasu ma har tambaya suke a kaikaice, wai yaushe za a sasanta, don yara sun dame su.

Kuma ko ka kashe tele ka sa makullin ɗaki a aljihu, wasan na nan cikin wayar da yayanta ya aiko daga Abijan. Da 'yan daloli mai caji zai cika mata kati. Za ta kalla cikin gidan sauro, da abin saurare a kunne, ba kaka mai tambaya, ba uwa mai cewa "kin ga abin da nake gaya miki". Wanda zai fassara mata abin da ta gani sai ƙawarta ta aji, ko wani saurayi a WhatsApp da ba ka san ubansa ba. Kai da kanka ka sallami kujerar roba ka ba shi.

Don haka Alhaji, ran da za a sake, ka yi alwalarka tun da wuri ka zo ka zauna. Ka yi tsakinka a fili in abin ya kai a yi tsaki, ka ce wannan ƙarya ce, wannan kuwa ya faru a gidan wane. Ka bar Hajiya ta yi gardama da kai. Ka gaya wa kaka abin da yarinyar ta ce, ai ta girmi zancen. In kuma ɗiyarka ta juyo ta ce, "Baba, da ni ce, mayar da ni za ka yi?" to butar tana wurina, na ara.