Dakarun Gindin Darbejiya

Da zarar an kawar da amfanin gona, motocin rake suka fara tashi daga Makarfi da Kudan, sai a buɗe fagen daga a gindin darbejiya. Ramuka talatin ake tonawa, layi biyar, gida shida-shida. Kowane ɓangare da 'ya'ya goma sha biyu, wannan da tsinken kara, wancan da tsakuwa. Ka jera uku, ka cinye ɗan abokin karawarka guda. Mutum biyu ke dara, amma na tsaye a kansu su ne ainihin mayaƙan.

Jagoransu shi ne Sarkin Yaƙin Baki. Ba a taɓa ganin ya tsuguna ya riƙe tsakuwa ba, sai dai umarni: "Kai Malam, ba nan ba! Toshe masa can!" In an bi maganarsa aka ci, ai dama ya faɗa. In aka sha kashi, hannun mai wasan ne ya yi gaggawa. A ce masa, "Bismilla Kawu, zauna ka gwada mana," nan take zai tuna da ciwon gwiwar da ke damunsa tun bara.

Na fi jin daɗin kallon Mai Dogon Nazari. Zai ɗaga tsinke ya tsaya cak, ya shafa gemu, ya mayar, ya sake ɗagawa, har mai rake ya fere sanda guda 'yan kallo su shanye. Ba dabara yake nema ba, ladan yake jira. Ana cewa Allahu Akbar zai miƙe, "Jama'a, salla ta fi dara," ƙafarsa kuma ta share ramukan, wai bisa kuskure. Tsoron Allahnsa yakan motsa ne daidai lokacin da 'ya'yansa suka rage uku.

Shi kuwa Alhaji mai babbar riga, a sa ido a kan hannun rigar. Duk gyarawa ɗaya, tsakuwa ta yi ƙaura.

Kwanan nan an sami sabon iri: Ɗan Boko Mai Kwali. Yakan dawo hutu daga Zariya da wasan Turawa a akwati, taswira da ƙananan katuna da littafin dokoki mai kauri. Wasan yaƙin Italiya ne, na zamanin da birane suka rabu biyu, Gelfawa 'yan bayan Paparoma, Gibelinawa 'yan bayan sarkin daular Jamusawa. Zai shimfiɗa yaƙin Montaperti na 1260, inda birnin Siyena ya ragargaza rundunar Fulorens, yana bayanin mahaya da 'yan baka, yana kaɗa ɗan ludo. Kafin ya gama shafi na biyu rabin jama'a sun koma ramukansu. Wani dattijo ya taɓa katse shi: "Yaro, taƙaita mana. A cikinsu wace ce mai mulki, wace ce 'yar adawa?"

Wuri ɗaya kawai labarinsa ya kama kunne, inda ya ce ana tsakiyar gumurzun wani Bocca degli Abati, da ke cikin sahun Fulorens, ya sare hannun mai riƙe da tutarsu. Duk aka juya aka dubi mutum guda. Kowane dandali yana da nasa Mai Sauya Sheƙa: da la'asar yana bayan mai kara yana kirari, da ya ga tsakuwa ta fara ci sai ya zagaya a hankali, wai rana ce ta dame shi.

Kwalin ne kuma ya tada Baba Mai Tarihi, wanda ba ya yarda a ce wani abu ya faru a Turai bai riga ya faru a nan ba. "Wannan ai basasar Kano ce aka sa wa hular ƙarfe!" Sai ya ɗauko daga 1893, da Sarki Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur, Yusufawa suka fice zuwa Takai, Yusufu ya rasu a hanyar komawa Kano, Alu ya karɓi tuta ya shiga birni, har aka kashe Tukur a Tafashiya a 1895. Zuwa nan gaskiya yake faɗi. Matsalar kakansa ce: in mai sauraro daga gidan Yusufawa yake, kakan yana gefen Alu, in ba haka ba, shi ya riƙe wa Tukur linzami.

Sai masu nasara, kuma su ne abin tausayi. Gelfawan Fulorens sun murƙushe abokan gabarsu a Kampaldino a 1289, ba a daɗe ba suka rabe gida biyu, Baƙaƙe da Farare, har Baƙaƙen suka kori mawaƙi Dante daga garinsu a 1302, alhali tare aka yi yaƙin da shi. Haka za ka ga 'yan Ikara sun je Hunƙuyi sun lallasa masu masauki, amma tun a mota rigima ta kaure kan wanda ya ba da shawarar da ta kawo ci. Mako mai zuwa dandalin ya zama biyu, wannan a gabas da titi, wancan a yamma, ba a ga-maciji. Mai shayi ne ke tsallakawa da kofuna, yana gaya wa kowane ɓangare cewa su ne da gaskiya, yana kuma rubuta bashin kowa a littafi ɗaya.