Jakin Aro

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Buza ya san babu jakin da ke ƙiba a watan Afrilu. Ƙasar Adar duwatsu ce, ciyawa ta ƙare tun da sanyi, harawa ta koma hannun masu ajiya suna jiran ta yi tsada, jaki kuwa shi ke hawa da gangara da ruwa tun asuba. Don haka da yaron mai unguwa ya zo ya ce ana nemana kan maganar jakina Duna, na ɗauka garkar wani ya faɗa, har na fara lissafin kuɗin albasar da zan biya.

Ashe ƙara ce, kuma daga bayan katangata ta fito. Maƙwabcina Alhaji, wanda ya yi shekaru yana bida a Abijan ya dawo da babbar waya da sababbin ra'ayoyi, shi ya kai ni. Na tarar da shi zaune kan tabarma yana jan carbi, fuska cike da tausayin dabbobin duniya.

"Ranka ya daɗe, bisa amana ce," in ji shi. "Liman ya sha faɗa muna labarin matar da ta kulle kyanwa da yunwa har ta mutu, kowa ya san inda ta ƙare. Jakin Malam haƙarƙarinsa ana ƙirga su daga titi. Ga miki a baya. Kukan da yake yi da dare, kukan yunwa ne."

A jimlar ƙarshen nan gaskiyar take. Turken Duna yana gindin bedi, bedin kuma yana jingine da bangon ɗakin kwanan Alhaji, Duna kuwa yana riga ladan tashi. Alhaji ya taɓa roƙona in matsar da turken, na ce inuwa ɗaya ce a gidan, ba zan shanya dabba a rana don barcin wani ba. Ni ma a ranar da tausayin dabbobi na kare kaina, shi ya sa na gane makamin da ya ɗauko.

Mai unguwa, wanda ya gaji da mu tun rigimar magudanar ruwa, bai tsaya yin shari'a ba. Ya ce tunda maganar lafiyar dabba ce, za a kira likitan bisashe daga ma'aikatar kiwo ya zo ya gani da idonsa ranar Alhamis.

Na koma gida na tsaya na dubi Duna kamar ban taɓa ganinsa ba. Na sayo harawa da dusa da kuɗin da ban taɓa kashe wa bakina ba. Ya cinye, ya dube ni, haƙarƙari na nan yadda suke. Mikin da akumari ya yi masa kuwa, na bi shawarar masu amalanke na karɓo baƙin mai wajen mai gyaran moto na shafe shi. Da safe ƙura ta manne a kai, ƙudaje suka yi taro, abin da jiya yake ɗan miki yau ya zama abin da za a nuna wa likita da yatsa.

Daren Laraba dabara ta zo mini. Likita bai san Duna ba. An ce ya duba jakin gidan Malam, duk jakin da ya tarar a turke shi ne jakin gidan Malam. Na kira ɗan ƙanwata, na damƙa masa dala ɗari, na ce ya je wajen yaran da ke ɗibar ruwa ya samo mini hayar jaki mai jiki, na rabin yini. Kafin hantsi sai ga shi da wani aura, gashi na sheƙi, wuya a cike. Na ɗaure shi a gindin bedi. Duna kuma na tura shi ɗakin ajiya na ja ƙyaure. Uwargida tana tsaye da muciya a hannu.

"Malam, akwai gerona a ɗakin nan."

"A buhu yake, a ɗaure."

"To," kawai ta ce, irin "to" ɗin da ake ajiyewa don amfanin gaba.

Likita ya iso kan moto, saurayi ne mai fara'a da jaka a kafaɗa. Mai unguwa na biye, Alhaji na bayansa, sai yaran unguwa da ba wanda ya gayyata. Muka gaisa, na kawo ruwa, na nuna turke da hannu biyu.

Ina sa ran ya yi kallo ɗaya ya ce ƙarar banza ce. Sai ya ajiye jaka ya naɗe hannun riga. Ya buɗe bakin jakin ya duba haƙora, ya ja fatar ido, ya bi gadon baya da tafin hannu, sannan ya ɗaga ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Nan fara'ar ta ɗauke. Kofato ya yi tsawo har ya fara lanƙwasa. Igiyar leda da ake yi masa dabaibayi da ita ta ci fata ta bar zobe a ƙafafun gaba. A ƙarƙashin wutsiya ga kaska jere, sun sha sun ƙoshi.

"Malam, kai da kake koya wa yara tsabta? Ƙiba ba ita ce lafiya ba. Mai wannan jakin bai taɓa sunkuyawa ya dubi ƙafarsa ba. Wannan sakaci ne."

Na sunkuyar da kai ina karɓar faɗan da ba nawa ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne shirun Alhaji. Mutumin da ya kawo ƙara, ga likita na tabbatar masa da ita, amma ya daina jan carbi, ya ƙura wa kunnen jakin ido, kunnen hagu mai tsaga. Ya dubi jakin, ya dubi ɗansa da ke maƙale a bayan yara, yaron ya sulale ya bar gidan.

Ɗan ƙanwata bai tambayi jakin wane ne ba. Jaki mafi ƙiba ya nema a bakin famfo, jaki mafi ƙiba a unguwarmu kuwa na Alhaji ne.

Ban taɓa ganin mutum a irin wannan tsaka mai wuya ba. In ya ce nasa ne, sakacin da aka lissafa nasa ne, a gaban mai unguwa. In ya yi shiru, ya sa hannu jakinsa ya zama nawa a takardar gwamnati. Yana cikin wannan lissafi Duna ya yanke masa wahala. Daga cikin ɗakin ajiya ya saki kukan nan nasa, na asuba, cikakke, har ƙyauren kwano na rawa.

Likita ya miƙe a hankali. "Akwai wani jakin a ɗaki?"

Aka buɗe. Duna ya fito da gero a leɓe, baƙin mai a baya, ya wuce mu duka ya nufi turkensa.

A nan maganar ta sake kama. Mai karatu na nesa zai ga jaki a ɗaki abin dariya ne kawai, amma a nan ba haka ba ne. Tun 2016 gwamnatin Nijar ta hana fitar da jakuna waje, bayan da aka ce a watanni tara na shekarar an fitar da kusan 80,000, alhali a duk shekarar da ta gabata 27,000 ne. Fatar ake nema, ana kai ta Sin ana dafawa a yi magani, har a Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince da hana yanka jakuna don fata a nahiyar. Daga Buza ka gangara Madawa, iyakar Najeriya ba nisa. Mutum mai jaki a turke da wani a ɓoye, wanda ya kasa faɗin inda ya samo na farkon, ya yi kama da mai tara kaya.

"Malam, wannan na ina ne, wancan na ina ne?" in ji likita. "Ko sai an kira jandarma?"

Kalmar jandarma ce ta buɗe bakin Alhaji. Ya ga auransa na shirin tafiya a matsayin shaida.

"Likita, wannan nawa ne."

"Naka? Mai kaskar?"

"Yara ne ke kula da shi."

Mai unguwa ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na girgiza.

Likita ya duba Duna, kuma dole in faɗa don tarihi: kofatonsa lafiya, haƙora lafiya, ba kaska ko ɗaya. Ramar ta bazara ce da tsutsar ciki. Baƙin man ne ya jawo mini huɗuba, wai guba ce, ƙona naman take yi tana hana miki rufewa. Ya sa aka wanke da ruwa da sabulu, ya fesa shuɗin magani, ya ɗura masa na tsutsa, ya ce kada akumari ya sake hawa bayan nan sai fata ta haɗe, in ya haɗe kuma a sa tsumma mai kauri a ƙarƙashi. Alhaji aka rubuta masa gyaran kofato da maganin kaska, aka ce ya jefar da igiyar leda. Kowa ya biya kuɗin maganinsa. Ni na ƙara da tiya uku ta gero, farashin da uwargida ta yanke ba tare da ciniki ba, dala ɗarin haya kuma yaron Alhaji bai mayar ba.

Hutun da aka ba Duna ya bar gidana ba mai ɗauko ruwa. Mai unguwa ya yanke cewa jakin Alhaji zai riƙa kawo wa gidajen biyu ruwa har mikin ya warke, ni kuma in mayar da turken ƙofar gida in kafa masa rumfa. Na kafa. Ƙofar gidana tana kallon tagar liman, kuma an ce jiya ya tambayi lambar likitan.