Baƙi bisa keke tsakanin Gidan Rumji da Gazawa

Babbar kwaltar da ta taso daga Yamai, ta bi Gidan Rumji, ta wuce Agye da Gazawa kafin ta miƙe Tasawa, ba ta tona asirin kowa. A kanta kowa gwanin keke ne. Sai baƙo ya ce bari ya sauka ya ga ƙauye, rairayi ya karɓe shi, sannan ake sanin halinsa.

Wanda aka fi sabawa da shi shi ne anasara mai gaisuwa. 'Yan Peace Corps na Amurka, da suka zauna a Nijar daga 1962 zuwa 2011, su suka fi fitar da irinsa. Hular kwano a ka, gorar ruwa ɗaure a ƙarfen keke, yara na bin sa da gudu. Ba ya wuce mutum bai tsaya ba. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, har da "ina ruwa" a tsakiyar bazara. Wani tsoho ya tambaye shi: "Samari, ina aka nufa?" Ya ce ba ko'ina, yawo yake. Tsoho ya daɗe yana kallonsa. Mutumin da ke da motar fureje a Maraɗi ya fito neman wahala da ƙafarsa, ai sai addu'a.

Ɗan'uwansa mai littafi ya fi shi cin lokaci. Tun da Tony Rinaudo ya soma koyar da renon kututture wajajen Maraɗi a 1983, wannan sassaben zamani ya yi suna, Ɗan Saga ta ƙasar Agye ta zama wurin ziyara. Mai littafin nan ba ya yin taku ɗari bai jingine keke ba. Kowace sabara sai ya durƙusa mata, kowane kalgo sai hoto. Ya tsare manomi da tambaya: me ya sa aka bar gawo tsakiyar gona? Manomi ya ce gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa hatsi rana, 'ya'yansa kuma awaki ke ci. Baƙo ya rubuta hannu na rawa. Manomi dai tun yana goye ya san wannan.

Bakatsine kuwa, ya ce shan iska ya fito, amma duk rumbun da ya gani sai ya tambayi kuɗin tiyar aya, ya ɗaga kai sama yana mayar da sefa naira.

Ni wanda ba na jin tausayinsa shi ne mai taswirar waya. Wata tsohuwa ta ce masa: "Ɗana, can jigawa ce, bi ta bayan rijiya." Ya duba waya, waya ta ce miƙe. La'asar sakaliya sai ga shi an ɗauko daga Gulbin Kaba bisa amalanken shanu, shi da keken, ƙarangiya har gwiwar wando.

Dukansu wurin mutum ɗaya suke ƙarewa: mai faci na bakin tasha, da bahonsa na baƙin ruwa. Ya tsoma tub, kumfa ta taso nan, ta taso can, yana ƙirga tsidau ba gaggawa.

"Yallaɓai, huda shida ce."

"Ɗazu ka ce huɗu!"

"Ɗazu ban juya shi ba."