Albashin Sanata a Teburin Mai Shayi

Majalisu iri biyu ne a ƙasar nan. Akwai wadda ake biyan mutum don ya zauna, akwai kuma wadda mutum ke biyan kuɗin shayinsa kafin a matsa masa wuri. Ni ɗan ta biyun ne. Tamu tana zama bayan sallar isha'i, a kan benci biyu da tabarma ɗaya, gefen wani mai shayi a Tudun Wadar Gusau. Ba mu da sandar majalisa, ba mu taɓa tafiya hutu ba, kuma ƙudurin da ya fi kowanne daɗewa a gabanmu, wanda ya tsallake karatu na ɗaya da na biyu da na ɗari, shi ne nawa sanata ke ɗauka a wata.

Mai gabatar da ƙudurin kullum shi ne wanda muke kira Akawu. Tsohon malamin firamare ne, biro a saƙale cikin hula, kuma duk kwalin sukarin da mai shayi ya yar, allonsa ne. Ya haddace tarihin maganar kamar karatun allo. Zai fara daga 2018, lokacin da Shehu Sani, yana sanatan Kaduna ta Tsakiya, ya fasa ƙwai ya ce ban da albashin naira 750,000, kowane sanata na karɓar miliyan 13.5 a wata na gudanar da ofis. Sai ya tsallako watan Agustan 2024, inda hukumar da ke yanka wa 'yan siyasa albashi, wato RMAFC, ta ce abin da sanata ke samu duka-duka naira 1,063,860 ne. Akawu ba ya yafe 860 ɗin nan, yana faɗinta da girmamawa, ya ce ita ce kaɗai ɓangaren kuɗin da ya taɓa riƙe irinsa a aljihu ranar 20 ga wata. A cikin watan ne kuma Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu ya shaida wa BBC Hausa cewa abin da ke shigo masa na tafiyar da ofis ya kai miliyan 21.

Nan ne biro ke sauka daga hula. Miliyan 21 a raba gida 30, dubu 700 ke nan kullum. Mafi ƙarancin albashi dubu 70, don haka yinin sanata ɗaya watan ma'aikata goma ne, watansa kuma na mutum 300. Ko barci yake yi, kowace awa tana ajiye masa sama da dubu 29 a bakin gado. Sanatoci 109 ne, in ji Akawu, bari a ninka. Daidai nan mai shayi kan sa baki cikin ladabi: "Malam, tunda alƙalami na hannu, a haɗa da namu na mako uku." Sai biro ya koma hula, a ɗage zama.

Wanda ke kare gwamnati a zaurenmu shi ne Lauya. Bai taɓa taka ƙofar makarantar shari'a ba, amma ba a taɓa kayar da shi ba, don ba ya yin shiru a ji ko an kayar da shi. Hujjarsa ɗaya ce, kuma ba ta rasa ƙamshin gaskiya: albashi daban, kuɗin gudanarwa daban, akwai ma'aikata, akwai man mota, akwai ofishin mazaɓa, akwai ku da kuke cika wa mutum ƙofar gida. Abin da ya fi burge ni da Lauya shi ne hulunansa. Zamfara ta wahalar da shi. Ya kwana ɗan APC, ranar 24 ga Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un jam'iyyar gaba ɗaya, kafin la'asar ya samo hula mai lema. A 2021 Gwamna Bello Matawalle ya koma APC, Lauya ya zaro tsohuwar hular daga ƙarƙashin katifa ya kakkaɓe. A 2023 Dauda Lawal ya ci zaɓe a PDP, aka sake ɗaga katifa. Hujjar dai ba ta canza ba ko da wasali ɗaya, sunan wanda ake karewa kawai ake gogewa.

Shi ne ma ya yi ƙoƙarin fassara mana abin da ya faru a Agustan 2023, ranar da shugaban Majalisar Dattawa Godswill Akpabio ya manta ana haska zaman kai tsaye, ya sanar da 'yan uwansa cewa an tura musu ɗan abin shaƙatawar hutu a asusunsu. Da aka taɓo shi, ya janye maganar ya ce addu'o'i ne aka tura musu. Daga baya Sanata Ali Ndume ya ce addu'ar naira miliyan 2 ce kowa. Tun daga ranar kalmar ta shiga ƙamus ɗin bencinmu. Mai neman rance yakan ce a taimaka masa da addu'a, wanda kuma ba shi da niyyar bayarwa sai ya ɗaga hannu sama ya ba shi ta gaske.

Sai Mai Zagin Dare. Wannan da ya iso za ka ji muryarsa tun daga kwana. Duk ɓarayi ne, babu na Allah, shi ko da ƙafa aka biyo shi da kuɗinsu ba ya karɓa, kuma ranar zaɓe zai nuna musu. Da asuba, kafin ladan ya sauke lasifika, yana tsugune ƙofar gidan Honarabul da takardar asibiti wadda ta sha ninki har ta yi laushi kamar tsumma. Takardar nan ta ga 'yan majalisa uku, biyu sun faɗi zaɓe, ita tana nan daram. In ya samu, daren ranar za ka ji ya sassauta: "Ai shi wanga yaro da ɗan dama-dama, na kewaye da shi ne miyagu." In bai samu ba, Allah ya jiƙan kunnuwanmu.

Ba na son in yi masa dariya da yawa, don layin da yake shiga ba duka 'yan wasa ba ne. A cikinsa akwai dattijon da 'yan bindiga suka tayar daga ƙauyensa a yankin Tsafe, yana raɓe da iyali a kangon wani, akwai matar da takardar asibitinta ta jiya ce kuma ta gaske. Da asibiti na da magani, makaranta na da malami, gona kuma na shiguwa, rabin layin nan da bai taru ba. Kuɗin da ya kamata su bi ta famfo su isa kowane gida, an zuba su a tulun mutum ɗaya, an ce kowa ya zo da moɗa ya yi gaisuwa. Mai tulu na kuka an dame shi, amma ka ce a fasa tulun a gyara famfo ka ga yadda zai rungume shi.

Shi kansa Honarabul nau'i ne. Wayoyinsa uku: ta iyali, ta manya, da wadda ya ba talakawa lambarta, wadda ke hannun wani yaro da aikinsa kawai ya ce Oga na mitin. Yakan zo gida da Sallah cikin baƙar mota mai baƙin gilashi, irin waɗanda aka yi ta surutu a 2023 cewa kowacce ta kai wajen miliyan 160, ya shiga ta babbar ƙofa ana kirari, ya fice ta ƙofar baya ana rabon shinkafa. A watan Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara, kowa ya ji jiki, wasu har Funtuwa suke zuwa don su yi kira ɗaya. A bencinmu an yi ittifaƙi cewa mutum ɗaya ne ya yi ƙiba a watannin nan.

Akwai Na-Kusa-da-Gwamnati, mai ba da shawara na musamman wanda ba a taɓa neman shawararsa ba. Ba shi da ofis, ba shi da tebur, sai katin shaida a wuya da waya a tafin hannu. Duk ƙarar da ta yi sai ya zabura, ya duba, ya ga kamfanin waya ne ke tallar waƙa.

Wanda nake tausayi da gaske shi ne Tsohon Honarabul. Kansila ya yi sau ɗaya a wajen Bungudu, shekarun baya da yawa, kuma a ƙasar nan kujera na tafiya, suna ba ya tafiya. Motar da ya saya a lokacin tana ƙofar gida bisa duwatsu huɗu, kaji na ƙwai a kujerar baya. Har yau ba ya shan shayi sai da madarar gwangwani, ko da bashi ne, saboda mutunci. Ranar da ya fi baƙin ciki a rayuwarsa ta siyasa ba ta shafe shi ba ko kaɗan. A ƙarshen 2019 ne takardar tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ta fito fili, yana tunatar da gwamnati cewa doka ta ba shi naira miliyan 10 duk wata na kula da kai, kuma sau biyu kawai aka biya shi. Majalisar dokokin jiha ta zauna a watan Nuwamba ta soke dokar ɗungurungum, tana cewa tsofaffin gwamnoni da mataimakansu da tsofaffin shugabannin majalisa na laƙume wa jihar kusan miliyan 700 a shekara, Matawalle kuma ya sa hannu ba tare da ɓata lokaci ba. Gari ya ɗauka, kowa na murna. Tsohon Honarabul kaɗai ya zauna jugum. Ashe shekara da shekaru yana jiran dokar ta gangaro ta iso kan tsofaffin kansiloli. "Gemun manya ya kama wuta," in ji shi, "mu da ko gemun ba mu tara ba, mi za mu shafa wa ruwa?"

Kada a ɗauka maza ne kawai ke da zaure. Na mata yana zama a gidan suna, gidan kitso da wurin zubin adashe, kuma su ba su ɓata lokaci kan miliyoyin da ba su gani ba. Shugabar Mata da turmin atamfa take auna ɗan siyasa: wane ya ba da mai kauri, wane ya ba da wadda wanki ɗaya ta koma abin tace koko, wane kuma taliya da sabulu ya aiko kamar gidan mai jego. Matar sabon kansila kuwa ba sai an yi sanarwa ba, daga kuɗin ankon da ta fitar a bikin ƙanwarta za a gane an rantsar da su.

Amma babbar mai binciken kuɗi tana cikin gida. Uwargida na jin rediyo fiye da mu, don ita ba ta katse mai labarai da gardama. Ta san na sanata har da 860 ɗin Akawu. Abin da ta shekara ashirin tana nema ba ta samu ba shi ne adadin albashin mutumin da take dafa wa tuwo. Mu da muke ɗaga jijiyar wuya a bakin titi kan a fito a faɗa wa talakawa gaskiya, kowannenmu na da alawus ɗin da ba ya cikin kasafin gida: shayi da ƙwai, tsiren da ake ci a tsaye a goge baki, kuɗin gidan ƙwallo, data, da gudunmawar auren abokin da ya ƙara ta biyu, wadda ko da wuƙa a wuya ba a faɗin ta.

Daren jiya na shiga gida wajen ƙarfe sha ɗaya, na tarar an ajiye mini hoce da ɗan ƙuli a rufe, ita kuma tana zaune tana tsince wake.

"Malam, wai ni kam, tunda har sanata ya faɗi nashi a rediyo, kai nawa ne naka?"

Na gyara murya, na yi mata bayani dalla-dalla cewa albashi daban, kuɗin gudanarwa daban, kuma akwai jama'a. Sai da na kai aya na gane muryar Lauya ce ke fita daga bakina.

Ta ce ta ji. Ta ce gawayi ya ƙare, masara saura tiya ɗaya, an koro ƙaramin daga Islamiyya saboda kuɗin wata, kuma akwai yajin tsire a gaban rigata.

"In za ka fita da safe," ta ce, tana zuba waken a kwano, "kada ka bar mini addu'a."